Ƙashin dabbar teku a kan tudu: ruwa ne ya hau, ko ƙasa ce ta tashi?

Baban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kafin a ce na faye gardama, a bari in faɗi abin da ya kawo ni. Jiya da daddare yarona ya nuna mini wani hoto a waya: ƙasusuwan ƙaton kifin nan na teku da ake kira wel, a zube a kan tudu a Svalbard, tsibiran nan na Norway da ke can ƙuryar arewacin duniya. Wurin ko itace ɗaya babu, tsakuwa ce da ƙanƙara, ruwa kuma yana can ƙasa nesa. Aka ce wai ƙashin ya kai shekara 10,000, wai shaida ce ruwan teku ya taɓa kaiwa nan. Aka ƙara da cewa a duwatsun yankin akwai masu shekara miliyan 300 da burbushin halittun ruwa a cikinsu. To nan fa na ja birki. Mu da shekarun iyayenmu ma sai an lissafa da shekarar fara ko zuwan Sarauniya, wa ya yanka wa dutse takardar haihuwa? Ni a ganina shaci-faɗi ne aka sa wa rigar boko. Wanda ya san kan abin ya fito ya warware mana da Hausa.

Sarkin_Tsokana:
Wa'alaikumussalam. Ƙila kifin ne ya gaji da sanyi ya hau tudu shan hantsi, ajali ya riske shi a can.

Ummu_Haidar:
Gyara kaɗan, Baban Sadiq. Wel ba kifi ba ne, dabba ce mai haihuwa, tana shayar da ɗanta nono, da huhu take numfashi. Sauran tambayar kuwa nima ina zaune ina jira.

Malama_Jogirafi:
Malam, tambayarka mai kyau ce, sai dai ka ɗaure awaki biyu da igiya ɗaya. Ƙashin shekara 10,000 daban, dutsen shekara miliyan 300 daban, kuma ba da ma'auni ɗaya ake auna su ba.

Na ƙashin ya fi sauƙi. Duk mai rai, muddin yana ci yana numfashi, yana shigar da wani nau'in sinadari jikinsa da ake kira kabon-14. Ranar da ya mutu shigar ta tsaya, wanda ke jikin ya fara raguwa. Raguwar tana da ƙa'ida: duk shekara 5,730 rabin abin da ya rage yana tafiya. Idan aka auna aka ga kwata ya rage, an yi rabi sau biyu ke nan, shekara 11,460. Wani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya fito da hanyar, har ya samu kyautar Nobel a 1960. Da ita aka auna kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, aka samu kimanin shekara 8,000. Amma tana da iyaka. Abu in ya wuce shekara 50,000, abin da ya rage bai isa a auna ba. Don haka duk wanda ya ce maka da kabon aka gano shekarun dutse mai miliyoyi, ka ce masa ya koma aji.

Ɗan_Tromso:
Salamu alaikum. Ni ɗalibi ne a arewacin Norway, kuma na taɓa zuwa Svalbard aikin fili na 'yan makonni. Yaya Baban Sadiq, abin da aka rubuta a ƙasan hoton nan rabin gaskiya ne. Ruwa ya taɓa wannan wurin, haka ne. Amma ba don ruwan ya fi na yau tsawo ba. Shekara 10,000 da suka wuce tekun duniya ƙasa yake da inda yake yanzu, da mita masu yawa ma. Ƙasar ce ta taso da ƙashin a bayanta.

Ka taɓa lura da katifar soso idan mai jiki ya tashi daga kanta? Ramin ba ya cikewa nan take, a hankali yake dawowa. Shekara 20,000 baya, tulin ƙanƙara mai kaurin kilomita ɗaya zuwa uku ya danne arewacin Turai da Kanada. Nauyin ya lotsa ƙasa. Da ƙanƙarar ta narke, ruwa ya fara shigowa ya kwanta a lotsattsen wurin, sannan ƙasar ta riƙa ɗagowa tana ture shi. Idan ka tsaya a bakin ruwa a can ka ɗaga kai, sai ka ga layukan tsakuwa a jere a jikin tudu kamar matakalar bene, kowane layi tsohon bakin teku ne. A kansu ake tsintar ƙashin wel, da ƙumba, da gungumen itacen da ruwa ya kwaso tun daga kogunan Siberiya. Mafi tsufa yana sama, sabo yana ƙasa. A gabashin tsibiran akwai inda layin ƙarshe ya kai mita 100.

Kuma har yau tashin bai ƙare ba. Gaɓar Hudson a Kanada tana ɗagowa kusan santimita 1 duk shekara. A Suwidin akwai tsohon bakin teku da yanzu yake mita 286 sama da ruwa.

Baban_Sadiq:
Ikon Allah. Wato hoton ma ƙarya ya yi mini. To na ji ta katifa, ƙanena. Saura miliyoyin.

MaiRijiya_Gusau:
Ni ban yi karatun nan ba, amma shekarata 19 ina haƙa rijiyar burtsatse. Abin da na sani, ƙasa hawa-hawa take. Za ka wuce jar ƙasa, ka shiga yumɓu, ka faɗa yashi, ka sake samun laka mai duhu, sannan ka tarar da tsakuwar da ruwa ke ciki. Idan muka matsa garin gaba, sau da yawa jerin nan muke sake tararwa, sai dai zurfin ya bambanta. Har yarana sun haddace, da sun ga kalar abin da injin ke tofarwa za su ce oga saura kaɗan. Ko ba a faɗa mini ba na san na ƙasa ya riga na sama kwanciya, don ba a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wadda mutum ke zaune a kai.

Malama_Jogirafi:
Mai Rijiya, wallahi ka yi mini rabin darasi. Abin da ka faɗa shi wani masani ɗan Denmark, Steno, ya rubuta a 1669. Sannan wani mai auna hanyoyin ruwa a Ingila, William Smith, ya lura cewa kowane hawa yana da irin burbushin halittun da ke cikinsa, kuma jerinsu ba ya rikicewa daga gari zuwa gari. Da wannan ya zana taswirar duwatsun Ingila a 1815.

Ga yadda nake faɗa wa ɗalibaina. A ce ka yanka tsohon juji na bayan gari daga sama har ƙasa. A sama za ka ga ledar ruwa da katin waya. Ka yi ƙasa ka ga kwabo da sule na naira. Ka ƙara yin ƙasa ka ga anini mai huji. Can gindi ka ga wuri. Duk jujin da ka yanka a ƙasar Hausa, ba za ka taɓa samun katin waya a ƙarƙashin wuri ba. Kuma da ka ga kwabon naira ka san hawan bai riga 1973 ba. Haka burbushin yake. Akwai wasu halittun teku masu naɗaɗɗen ƙoƙo kamar ƙahon rago, ana ce musu amonait. Kowane iri ya bazu a tekunan duniya, ya yi ɗan zamaninsa ya ɓace, wani ya gaje shi. Wanda ya tsinci iri ɗaya a Svalbard da Siberiya da Kanada ya san hawa ukun nan sa'o'in juna ne.

Baban_Sadiq:
Malama, a nan na kama ku. Kwabo dai mun san 1973 saboda gwamnati ta buga shekara a jikinsa. Ƙahon ragon naku wa ya buga masa? In ce dutse ya tsufa saboda ƙashin da ke cikinsa, ƙashi ya tsufa saboda dutsen da yake ciki. Wannan ai shaidar ɓarawo ce, abokinsa.

Sarkin_Tsokana:
Malama an ƙure ki, a kawo ruwa.

Malama_Jogirafi:
Ba a ƙure ni ba, girki na sauke. Gaskiyarka Malam, burbushi kaɗai jeri yake bayarwa: wannan ya girmi wancan. Ba ya ba da lamba. Mutanen zamanin Smith sun mutu ba su san lambar ba. Lambar daga toka take fitowa.

Idan dutse ya yi aman wuta, tokarsa tana tashi ta sauka a kan teku ta kwanta a ƙasan ruwa, siririn layi tsakanin laka da laka. A cikin tokar akwai 'yan ƙwayoyi ƙanana da ake kira zirkon. Lokacin da ƙwayar ke ƙulluwa tana karɓar yuraniyom amma ba ta karɓar dalma. Shi kuma yuraniyom a hankali yake rikiɗa ya zama dalma, rabinsa a shekara biliyan 4.47. To duk dalmar da aka samu a cikin ƙwayar, bayan ƙulluwarta ta taru. A auna yuraniyom, a auna dalma, lissafi ya fito. Idan tokar ƙasa ta ba da miliyan 250, ta sama ta ba da 249, amonait ɗin da ke tsakani ya samu takardar haihuwarsa. Daga nan duk inda aka gan shi a duniya, ko babu toka a wurin, an san zamaninsa. Shaidun biyu ne, kuma ba gida ɗaya suka fito ba.

Dattijon_Bukuru:
'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Wannan zirkon da kike faɗa mun sha wanke shi. Lokacin da muke aikin kuza, bayan an fitar da kuza da kwalambait, yana cikin yashin da ke saura, mai nauyi ne, yana ɗan ƙyalli. Zubar da shi muke yi a da, daga baya aka zo ana saye. Ashe agogo muke takawa ba mu sani ba.

Malama_Jogirafi:
Amin Baba, na gode. Shi ne kuwa, Allah Ya ƙara muku lafiya.

Almajirin_Malam:
Ni duk wannan dogon lissafi bai dame ni ba. Ƙumba a kan dutse, ƙashin dabbar ruwa a kan tudu, me ya sa ba za a ce alamar ruwan Ɗufana ba ce na zamanin Annabi Nuhu, alaihis salam? Sai an kauce wa abin da aka saukar?

Ɗan_Tromso:
Malam, ba kaucewa ba ce. Ɗufana gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ba mu da nassin da ya ce wannan dutse na Svalbard aikinta ne, kuma dutsen da kansa yana nuna ba a ruwa ɗaya ya kwanta ba. Akwai wani wuri a bakin mashigin tekun Isfjorden, a Svalbard ɗin, da ake kira Festningen, inda hawan duwatsun ya miƙe tsaye kamar littattafai a kanta, kana tafiya a bakin ruwa kana ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Za ka wuce na ƙasan teku, ka zo na yashin kogi wanda a 1960 aka ga sawun ƙafar dinoso, manyan dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, a jikinsa, ka sake komawa na teku. Dabba ba ta taka sawu a busasshiyar gaɓa a tsakiyar ambaliya. A kusa da Longyearbyen, babban garin Svalbard, kuma akwai kwal, shi kuwa kwal daga dausayi yake samuwa, tsirrai su tsiro su mutu su taru shekara da shekaru. Ruwa ya zo ya koma, ya zo ya koma, ba sau ɗaya ba.

Ummu_Haidar:
In ƙara, wannan tunani ba Turawa suka fara shi ba. Al-Biruni, shekara kusan 1,000 da suka wuce, ya dubi duwatsun filayen Indiya, manya kusa da tsaunuka, ƙanana nesa, yashi a bakin teku, ya ce wurin nan da teku ne koguna suka cike shi. Malami ne Musulmi. Kuma a Suratul Ankabut an ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta.

Almajirin_Malam:
Na ji, Hajiya. Amma miliyoyin nan dai ban sa hannu ba. Allahu a'alamu.

Mai_Unguwa:
A matsayina na mai kula da zaure: kowa ya faɗi fahimtarsa cikin ladabi kamar yadda ake yi yanzu. Na goge saƙo biyu da suka fara kafirta juna. Wanda ya maimaita zai huta mako guda.

Ɗan_Kalambaina:
Ku kuna ta tafiya ƙarshen duniya, mu abin yana bayan gidanmu. Farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, duk wanda ya yi wasa a wurin yana yaro ya san cike yake da ƙumba da dodon koɗi da suka zama dutse. Mukan cika aljihu da su. Sai da na girma na ji cewa dutsen a ƙasan teku ya kwanta, shekara wajen miliyan 60, lokacin da wani hannun teku ya ratso Sahara ta Mali da Nijar ya iso ƙasar Sakkwato. Akwai ma wani ƙaton ƙadangaren teku da aka tono ƙashinsa a yankin, aka sa masa sunan Goronyo: Goronyosaurus. To tambayata ga Ɗan Tromso, mu ma katifar ce? Don ban taɓa jin ƙanƙara ta danne Sakkwato ba, mu da muke neman ta sanyaya ruwa da azumi.

Ɗan_Tromso:
A'a ɗan'uwa, naku daban. A wancan zamanin da wanda ya gabace shi, tekun duniya da gaske ya fi na yau tsawo, masana suna sa shi sama da mita 100, wasu har fiye da 200. Dalili biyu ne. Na farko babu tulin ƙanƙara irin na yau a ƙarshen duniya biyu, ruwan duk yana teku. Amma ko duk ƙanƙarar yau ta narke, ƙarin bai wuce mita 65 zuwa 70 ba, ka ga bai isa ba. Na biyu shi ne gindin tekun kansa ya kumbura. Akwai jerin tsaunuka a ƙarƙashin ruwa inda sabon dutse mai zafi ke fitowa, dutse mai zafi kuwa ya fi cin wuri. Kamar ka jefa tubali a cikin randa cikakkiya. Ruwan ya malala kan nahiyoyi: ya raba Amurka ta Arewa biyu tun daga Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, har gaɓar Meziko, ya shigo kwarin Binuwai, ya shigo wajenku. Shi ya sa farin dutsen Ashaka a Gombe ma yake da amonait.

Ga hanya ta uku kuma da ke kai ƙumba sama: karon nahiyoyi. Ƙololuwar Everest dutsen ƙasan teku ce. Wannan ba ruwa ne ya hau mita 8,800 ba, ƙasa ce aka naɗe aka cusa sama. Don haka ganin ƙumba a tudu kaɗai ba ya gaya maka wanne ne a cikin ukun.

Bamaradiya:
Sannunku da hira. Mu ma a Nijar muna da Gadufawa, cikin Tenere, inda ƙasusuwa ke kwance a kan rairayi. Can aka samo kadan nan mai tsawon mita wajen 10 da dinoso da aka sa wa sunan ƙasarmu, Nigersaurus. A gidan tarihi na Yamai na ga ƙasusuwan tun ina 'yar lakwal. Shi ma tekun ne?

Malama_Jogirafi:
'Yar'uwa, na Gadufawa koguna ne da fadamu, shekara wajen miliyan 110, sun riga shigowar tekun. Na teku a wajenku sai an yi yamma, wajen Tawa. Amma kin tuna mini da abin da ya fi ba ni mamaki a Aktik ɗin. A tsibirin Ellesmere na Kanada, a shekarun 1970, wata masaniya Mary Dawson da abokan aikinta sun tono ƙashin kada da kunkuru masu shekara sama da miliyan 50. Kada fa, a inda yau rana ke ɓacewa wata huɗu. A tsibirin Axel Heiberg da ke maƙwabtaka kuma akwai kututturan daji mai shekara miliyan 45, a tsaye a inda suka tsiro, itacen bai ma zama dutse ba, zarto na yanka shi, wuta na cin sa. Wajen tantance shekarun dajin, garin furen tsirrai da ke cikin lakar aka fara dubawa, daga baya aka tsinci haƙoran wata dabba mai kama da karkanda wadda an san zamaninta daga wasu wurare, suka ƙara ɗaure lissafin.

Ɗan_Tromso:
Malama kin manta babban. Raƙumi! A Ellesmere ɗin nan aka tsinci gutsattsarin ƙashin ƙafa guda 30, aka sanar a 2013, jagorar aikin Natalia Rybczynski. Da farko ta ɗauka itace ne. Sai da aka gwada sinadarin da ya rage a ƙashin aka ga na raƙumi ne, mai shekara kimanin miliyan 3.5, ya fi na yau girma da kusan kashi 30 cikin 100. Asalin raƙuma daga Amurka ta Arewa ne, ta mashigar Bering suka tsallaka Asiya lokacin da wurin yake tudu.

Bamaradiya:
Kai! Bari in je in faɗa wa Buzayen kasuwarmu cewa amalensu ɗan Kanada ne, in ga ko zan dawo da haƙorana.

Sarkin_Tsokana:
Shi ya sa yake taƙama yana kallon mutane sama-sama. Ashe ɗan ƙasar waje ne.

Ummu_Haidar:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ɗan Tromso, tunda rana ba ta faɗuwa wata da watanni, yaya kuke salla da azumi?

Ɗan_Tromso:
Hajiya, a Tromso rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A irin lokutan nan da yawanmu lokacin Makka muke bi, bisa fatawar da aka ba jama'ar nan. Sai ka sha ruwa rana tana tsaye tana kallonka, zuciya ta yi ta ɗar-ɗar a shekarar farko. A Svalbard kuma abin da ya fi damuna ba lokaci ba ne, ba a fita bayan gari sai da mai bindiga saboda farin beyar, ƙaton naman dajin nan mai kai wa mutum hari. Ka durƙusa kana ƙwanƙwasa dutse, wani yana tsaye a kanka yana gadi.

Baban_Sadiq:
An tafi raƙumi an tafi azumi, a dawo da ni kan hanya. Ku faɗa mini tsakani da Allah, masanan nan ba sa kuskure? Ba sa saɓa wa juna?

Ɗan_Tromso:
Suna yi, Yaya, sosai ma. A 2004 an kai jiragen ruwa uku tsakiyar tekun Aktik, biyu suna fasa ƙanƙara, ɗaya yana haƙa, a kan tsaunin ƙarƙashin ruwa da ake kira Lomonosov. Sun huda sama da mita 400 suka zaro laka. A ciki aka ga alamar cewa shekara miliyan 56 baya ruwan saman wurin ya kai ɗumin digiri 23. Aka kuma ga hawa cike da burbushin wani ɗan tsiro mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, Azolla, na shekara miliyan 49, shi kuwa a ruwan daɗi yake rayuwa, ba na gishiri ba. Amma da aka zo jera shekaru da ƙananan burbushi, sai aka ce akwai giɓin shekara miliyan 26 da babu lakarsa kwata-kwata. Daga baya wasu suka auna da wani sinadarin daban suka ce babu wannan giɓi, lakar ce ta riƙa taruwa a hankali ƙwarai. An daɗe ana ja-in-ja a kai.

Haka Kap København a arewacin Girinlan, inda a 2022 aka sanar da samun ƙwayoyin gado mafi tsufa, har da na wata dabba dangin giwa. Da ana cewa wurin shekara miliyan 2.4 ne, sabon awo ya dawo da shi wajen miliyan 2.

Ko kabon ɗin da Malama ta yi bayani yana da tarko. Dabbar teku tana fitowa da tsufan ƙarya na kimanin shekara 400, saboda kabon ɗin cikin ruwa ya daɗe da rabuwa da iska. Sai an cire wannan. Shi ya sa a layukan tsakuwar nan an fi son gungumen itace a kan ƙumba.

Baban_Sadiq:
Yawwa! Miliyan 26 fa, ba kwana 26 ba. Ni da na ce shaci-faɗi aka yi mini ca.

MaiRijiya_Gusau:
Alhaji, nima nakan ce za a samu ruwa a mita 40 a same shi a 55. Ban taɓa cewa 40 aka same shi a kilomita 4 ba. Kuskuren mai sana'a daban da na mai duba.

Malama_Jogirafi:
Kuma lura, Malam, wa ya gano saɓanin? Su ne da kansu, da wani ma'aunin. Gardamar a kan tsakiyar lakar take, ba wanda ya ce ta ƙasan shekara dubu ce. A misalin jujina ma akwai irin wannan: tsohuwa ta ajiye anini a adudu shekara 60, jikoki su share ɗaki su zubar da shi jiya. Wanda ya tsince shi kusa da katin waya zai rikice. Ruwa yana yin haka, ya kwashe tsohon burbushi daga wani dutse ya zuba a sabuwar laka. Shi ya sa ba a yanke hukunci da ƙwaya ɗaya. Akwai ma shaida ta uku da ban ambata ba: maganaɗisun duniya yana juyawa, arewar kamfas ta koma kudu, na ƙarshe kimanin shekara 780,000 baya, kuma laka tana riƙe alamar inda yake fuskanta ranar da ta kwanta.

Ɗan_Agege:
Ni da nake zaune a Legas tambayata ɗaya: duk wannan tone-tone me zai ƙare mu da shi? Kuma ƙanƙarar Aktik da ake cewa tana narkewa, ita ce za ta cinye mu?

Ummu_Haidar:
Wadda ke yawo a kan teku ba ita ce abin tsoro ba ta fuskar tsawon ruwa. Sa ƙanƙara a kofin zoɓo ki cika shi, ta narke, ba zai zuba ba. Au, ka cika shi, yi haƙuri Malam. Wadda ke zaune a kan tudu ita ce magana.

Ɗan_Tromso:
Haka ne. Ta kan Girinlan kaɗai in ta narke duka, mita 7 ce. Amfanin tone-tonen kuwa ga misali. Sojojin Amurka sun yi wani sansani a cikin ƙanƙarar Girinlan, Camp Century. A 1966 aka huda ƙanƙarar kusan mita 1,400 har aka taɓo ƙasa, aka zaro laka mita 3 da wani abu. Lakar ta yi shekaru a kwalabe a firiza a Denmark an manta da ita, sai a 2017 aka sake ganinta. Da aka wanke sai ga ƙirare da gansakuka. Aka auna yaushe rabon ƙwayoyin yashin da ganin hasken rana, aka samu kimanin shekara 416,000. Wato a lokacin wurin babu ƙanƙara, alhali iskar kabon da ke sama ba ta kai ta yau ba. Shekara 125,000 baya ma teku ya fi na yau da mita 6 zuwa 9. Kuma wajen shekara 14,600 baya ya taɓa hawa kusan mita 16 zuwa 20 cikin 'yan ƙarnuka. Yanzu yana hawa milimita 3 zuwa 4 a shekara. Abin dariyar, Svalbard da Hudson ƙasarsu tana ɗagowa, Legas kuwa wasu unguwanninta nutsewa suke yi.

Ɗan_Agege:
To Allah Ya kyauta. Gara in fara tambayar kuɗin fili a Funtuwa.

Baban_Sadiq:
Na karanta duka, Allah Ya saka wa kowa. Ta katifa na karɓa, ta juji na karɓa, ta Dufuna ma na karɓa tunda dubbai ne. Amma har yanzu akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Malama ta ce rabin yuraniyom yana tafiya a shekara biliyan 4.47. Wa ya zauna ya jira? Awon bai fi shekara ɗari da 'yan kai da farawa ba. Ta yaya aka san gudun da yake yi yau shi yake yi tun farko?

Almajirin_Malam:
Tambayar da nake son yi ke nan tun ɗazu.

Malama_Jogirafi:
Ba sai an jira ba, kamar yadda ba sai tanki ya ƙare kake sanin yawan ɗigarsa ba: ƙwayoyin zarrar yuraniyom suna da yawan da a minti ɗaya ma ana ƙirga dubban da suka rikiɗa. Kuma yuraniyom iri biyu ne a cikin zirkon ɗaya, kowanne da gudunsa, ɗayan rabinsa a shekara miliyan 704 yake tafiya. Da gudun ya taɓa canjawa, da ba za su riƙa ba da amsa ɗaya ba. Sauran bayanin yana da ɗan lissafi, gobe ina da aji ƙarfe 8, in na dawo zan ɗora hoton allo.

Ɗan_Kalambaina:
Ni kuma ranar Asabar zan je gida. Zan ɗauko hoton ƙumbar nan da kwalbar lemo a gefe don a ga girmanta. Ɗan Tromso, in ka gane irinta ka faɗa mana.

Dattijon_Bukuru:
Yaro, in ka samu biyu ka ajiye mini ɗaya, jikata ke tambaya.